'Ya'yan sojoji a makarantun cikin gari

Na karanta wani rahoto da ke kira da a ƙarfafa haɗin kai tsakanin makaranta da iyaye da al'umma domin 'ya'yan sojoji, kuma a matsayina na malamar firamare kusa da wani bariki, an sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ana sauya wa iyayensu wurin aiki a tsakiyar zangon karatu, yaro ya iso ajina daga wata jiha babu takardar sakamako, in kwashe makonni ina laluben inda ya tsaya a lissafi.

Ina da ɗaliba da mahaifinta ke Borno a rundunar Operation Haɗin Kai. Duk ranar da aka ji labarin hari, sai ta wuni da kai a kan benci, ko abincin tara ba ta taɓawa, kuma ban gane dalili ba sai da mahaifiyarta ta zo taron iyaye da malamai bayan wata biyu.

A ganina bai kamata a bar wa ƙungiyar matan hafsoshi ta NAOWA da makarantun Command na rundunar soja wannan nauyi su kaɗai ba, domin yaran ƙananan sojoji da yawa makarantun gwamnati na cikin gari suke zuwa. Magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji a bariki, wadda ta san halin kowane gida, ya dace a ba ta kujera a kwamitin gudanar da makaranta.