Daƙiƙa 40? Haba Jama'a, Ku Ƙyale Mista Bin Ya Yi Jarrabawarsa

To kun dai gani. Tun jiya ake ta turo min bidiyon nan, kowa da fuskar dariya mai hawaye, wai in kalla in sha dariya. Na kalla. Wallahi ko murmushi ban yi ba, sai ma raina da ya ɓaci. Ba zan kama sunan shafin ba, kun san shi, kuma ba zan ƙara masa 'yan kallo a banza ba. An ɗauko jarrabawar Mista Bin, an datse ta ta koma daƙiƙa 40, an ƙara mata gudu kamar an koro mutumin, an ɗora wata murya tana ihu tana mana bayanin abin da idonmu ke gani, ga wani kiɗa mai kama da ana dukan langa. Sannu gwani! Allah ya ƙara basira. Ka ɗauko tuwo ka zubar da miyar, ka ce mu ci mu gode.

Dariyar Mista Bin a cikin jira take. Wanda bai gane wannan ba bai taɓa kallonsa ba, hotonsa kawai ya sani.

Wannan fa shi ne kashi na farko na shirin barkwancin Mista Bin, wanda tashar ITV ta Ingila ta nuna ranar 1 ga Janairu, 1990. Ku tuna yadda abin yake. Ya shigo zauren jarrabawa ya zauna, ya fara fito da biro. Ɗaya, biyu, uku, bai daina ba, na gefensa na kallonsa. Sai ga 'yan tsana, sai ga agogon ƙararrawa ya dasa a kan tebur. Duk wannan lokacin babu wani abu da ya faru, amma cikinka ya fara motsi, don ka san mai irin wannan shirin ba ya ƙarewa lafiya. Shi ɓangaren lissafi guda ya haddace, tirigonometiri, yana ta ɗaga kai. Da ya zaro takarda daga ambulan sai ya ga kalkulas. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, ba ta yi gaggawa ba, ka ga yadda fara'a ke zagwanyewa kaɗan-kaɗan. Daga nan sai leƙe. Ya miƙa wuya, ya matso a hankali, ya hura takardar maƙwabcinsa, ya yar da biro don ya sami dalilin sunkuyawa. Kowace dabara ta fi ta baya muni. Da komai ya ƙi, babban mutum da kwat da lakataye ya kira mamarsa ya kifa kai.

Sai ana saura minti 2 mai gadin jarrabawa ya ce waɗanda suka amsa koriyar takardar kalkulas su sa a nan, waɗanda suka amsa farar takardar tirigonometiri su sa a can. Ashe takarda biyu ce a cikin ambulan! Abin da ya kwana yana karantawa yana nan a gabansa tun farko, bai duba ba. Wannan shi ne wasan gaba ɗaya. Kuma shi ne wurin da gwaninmu ya yanke ya zubar, saboda daƙiƙa 40 ta cika. Ya bar mana hura takarda, ya cire dalilin da ya sa hura takardar ta zama abin tausayi. Ko da ma ya bar shi, ba zai yi aiki ba, don sai ka sha wahala tare da Bin tukuna labarin takarda ta biyu zai dake ka. Wanda bai yi azumin ba, ina zai san daɗin buɗa-baki?

Na san abin da za ku ce. Data ta yi tsada. Na ji. Amma ku ne fa kuke kwana kuna kallon mata biyu suna zagin juna kai tsaye a TikTok har awa biyu, data ba ta ƙare ba sai a kan Mista Bin. Wani ya ce min yaran yanzu ba su da haƙurin dogon abu. Wa ya hana su haƙurin? Ba masu datse-datsen ba ne? Wani kuma ya ce ai muryar da aka ɗora fassara ce, don wanda ba ya jin Turanci ya fahimta. Fassarar me? Mutumin da sai ya yi minti biyar bai furta kalma ba, in ma ya yi magana kamar daga cikin tulu take fitowa, me za ka fassara? Ni kakata ba ta san ko "kam" ba a Turanci, amma ta kalli wannan kaset ɗin tana share hawaye da bakin zane, tana cewa wannan Bature Allah ya shirye shi. Ba wanda ya yi mata tafinta. Shirun nan ne ya kai shirin ƙasashen duniya, shi ne kuma kuka cike da ihu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa ai wauta ce kawai, a yi dariya a wuce. Wauta? Rowan Atkinson, wanda ya fito a Mista Bin, injiniyan lantarki ne, ya yi digiri a Newcastle ya ƙaro na biyu a Oxford, kuma tun yana ɗalibi a can yake sassaƙa wannan halitta. Shi da Richard Curtis suka kafa shirin, kuma daga 1990 zuwa 1995 kashi 15 kacal suka yi. Sha biyar! A shekara kusan shida! Mu da muke ganin kamar ya kai ɗari, maimaici ne kawai muke sha ba mu gaji ba. Mutanen da suka yi wannan tsantsenin sun auna kowane ɗaga gira, sun san daƙiƙa nawa za a yi kafin hannu ya kai aljihu. Kai kuma ka zo da wayarka da manhajar yanka, kana kwance a kan katifa, ka ce ka fi su sanin inda ya kamata a tsaya.

Ku duba sauran kashin ma. A bakin teku yana son sa wandon wanka, ga wani mutum zaune kusa da shi sanye da baƙin tabarau. Kunya ta hana shi tuɓewa, ya ɗora wandon wankan a kan dogon wandonsa, ya yi ta murɗe-murɗe har ya zare na cikin. Ya gama yana alfahari, sai mutumin ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Makaho ne. Ka yanke murɗe-murɗen, me ya rage? Makaho ya tashi ya tafi. A coci kuma, gyangyaɗi ne da alewa guda ɗaya, yana so ya kai ta baki ba tare da dattijon da ke gefensa ya gani ba. Richard Briers ne ya fito a dattijon, bai yi komai ba sai kallo ta gefen ido, kuma rabin dariyar a wannan kallon take.

Bari in faɗi gaskiya, abin ya taɓa ni ne don na taɓa zama Bin. A jarrabawar gama sakandare, ranar lissafi, na zauna kusa da wani yaro da ya kare takardarsa da hannu da gwiwar hannu da kafaɗa, kamar kaza a kan ƙwai. Na ji zufa tana bin bayana, ƙarar agogon bango kamar a cikin kunnena. Awar nan ba ta yi gudu ba. Jan ciki ta yi ta yi. Duk wanda ya taɓa zama gaban takardar da bai san ko tambaya ɗaya a cikinta ba ya san cewa azabar a tsawon lokacin take, kuma ita Atkinson ya kwaikwaya. Shi ya sa idan na kalla ina dariya ina jin tausayi, na shi da nawa.

Af, tun da ana maganar kashi na farko, akwai wanda muka yi musu da shi a kan launin motar, har ya rantse. Malam, je ka sake dubawa. A kashin farko Mini ɗin ruwan lemo ce, kuma a ƙarshe ya rafka ta, tayar ta dawo tana gangarawa ita kaɗai. Mai ruwan tsanwa da baƙin bonet daga baya ta zo. Ina jiran tsirena. Ni kuma har yau wanda nake tausayi shi ne direban shuɗiyar motar nan mai ƙafa uku, da Bin ke turewa daga titi ba gaira ba dalili. Ko fuskarsa ba a nuna mana ba a duk kashi 15 ɗin. Duk sanda na ga mai babbar mota ya matse ɗan adaidaita sahu a kan kwana, shi nake tunawa.