Yaro mai ciwon suga, wa ke tambayarsa me yake ji?

A nan Ingila inda nake zaune, in aka gano yaro yana da ciwon suga nau'i na 1, ba allurar insulin (sinadarin da ke daidaita sugan jini) kawai ake miƙa wa iyaye a sallame su ba. Cikin masu duba shi akwai likita, akwai nas, akwai mai tsara masa abinci, sannan akwai masanin halayyar ɗan adam wanda aikinsa kenan ya zauna da yaron ya ji abin da ke cin ransa. Mu kuwa a gida da zarar yaro ya fara kuka sai kowa ya hau "yi haƙuri, jarabawa ce", to gaskiya ne jarabawa ce, amma ɗan shekara 8 da aka ce za a riƙa soka masa allura sau huɗu a rana har iya rayuwarsa ai dole ya yi fushi, a bar shi ya yi mana.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa ai shan zaƙi ne ya ja masa. Wallahi ba haka ba ne. Garkuwar jikinsa ce ta juya ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, ba ruwan alawa, amma yaro in ya ji wannan maganar sau ɗaya shikenan ya riƙe ta, ya ɗora wa kansa laifi, ba zai faɗa maka ba kuma.

Sai kuma wani lokaci da ke zuwa bayan an fara allura, jiki ya ɗan farfaɗo na wasu watanni har a rage insulin. Nan ana gaya wa iyaye tun wuri cewa zai wuce. A gida kuwa sai murna, "ai ya warke", a faɗa a gaban yaron, wasu har su daina allurar wanda hakan na iya kashe shi fa, ranar da ciwon ya dawo kuma zuciyarsa ta karye karo na biyu.

Ba wai nan ta fi mu a komai ba. Kaɗaicin nan ba wasa, uwa ita kaɗai za ta tashi ƙarfe biyun dare tana gwada jini, babu inna babu goggo. Mu muna da mutane, sai dai kowa da maganin da zai kawo, kuma a ce a ɓoye kar a ji, yaro ya tashi yana jin kunyar jikinsa.

Kuma don Allah in ya fara rigima ba dalili a gwada sugansa kafin a yi masa tsawa, saukar suga na kawo fushi da rawar jiki da gumi. In na'urar gwada suga ta nuna sugan ya hau kar a hau shi da faɗa, don in ya kai shekara 14 lambar ƙarya zai riƙa kawo muku.