"Mama, mu ina namu ragon?"

Salama gare ku iyaye Kirista 'yan'uwana da ke zaune a Saudiyya, musamman mu na Jidda.

A Babbar Sallar da ta wuce, maƙwabciyarmu Hajiya, Bakanuwa mai hannun kyauta, ta aiko mana da naman layya cike da kwano. Ɗana mai shekara 7 ya dubi naman, ya dube ni, ya ce, "Mama, mu ina namu ragon?" Na dawo daga aikin dare a gajiye, sai na ce ya yi shiru ya ci. Abin ya hana ni barci.

A Jos ko Kafanchan, malamar Sande Sukul da kakanni kan ɗauke mana rabin wannan nauyi. Nan kuwa babu ginin coci ko ɗaya, Lahadi ranar makaranta ce, 25 ga Disamba ma ba ranar hutu ba ce. Idan yaro bai ji labarin Yesu daga bakinki ba, uwa, a bakin wa zai ji?

Ku buɗe Fitowa 12:26. Tun a Masar Musa ya gaya wa Isra'ilawa cewa 'ya'yansu za su tambayi ma'anar Idin Ƙetarewa, ya kuma ba su amsar da za su bayar. Ashe Ubangiji ya san lokacin idi ne bakin yara ke buɗewa.

Washegari na zaunar da ɗana muka karanta Farawa 22. Ya yi mamaki da ya ji Ishaku ma ya tambayi babansa ina ɗan ragon hadaya, Ibrahim ya ce Allah zai tanada. Daga nan muka je Yohanna 1:29, inda Yohanna Mai Baftisma ya nuna Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah. Na ce masa, "Ga namu nan, an miƙa shi sau ɗaya, ya isa."

Ina roƙonku, kada mu cusa wa yara raina maƙwabta. Bitrus ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi. Na bayyana wa ɗana cewa su Hajiya ma Ibrahim suke tunawa, bisa ga nasu imani, kuma dokar ƙasar nan ta hana wa'azi a waje, don haka a cikin gida muke wannan hira, ba don kunya ba.

Kirsimeti na tafe. Mun riga mun shirya da ɗana: zan soya cincin da kaza, shi zai kai wa Hajiya da hannunsa.