Ga ƙannena masu jiran Amurka ta sa musu hannu

Ƙannena masu harkar fim, akwai maganar da ta ishe ni a bakinku: wai sai mun yi irin na Amurkawa kafin duniya ta san da mu. To ku zo mu leƙa Italiya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ƙasar a ragargaje, har katafaren sutudiyon Cinecittà da ke Rum an mai da shi sansanin 'yan gudun hijira. Masu fim suka saɓa kyamara suka fita titi. A 1948 Vittorio De Sica ya saki Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke. Labarin bai taka kara ya karya ba: talaka ya samu aikin liƙa fasta, matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka fanso kekensa. Ranar farko, yana kan tsani yana shafa hoton jarumar Hollywood Rita Hayworth a bango, ɓarawo ya haye keken ya yi gaba. Shi ke nan fa! Masu sharhi a New York suka yi ta zuba yabo, a 1950 aka ba fim ɗin Oscar ta girmamawa. A gida kuwa, 'yan siyasa irin su Giulio Andreotti gani suke irin waɗannan fina-finai tonon asirin ƙasa ne.

Darakta Sergio Leone, shi ma ɗan Italiya, ta wata hanyar ya bi. A 1964 ya yi fim ɗin kaboyi da Clint Eastwood, har ya ɓoye sunansa ya koma Bob Robertson don a ɗauka Ba'amurke ne. Da fim ɗin ya isa Amurka a 1967, masu sharhi da dama suka yi masa ca, ana ta kiran irinsa kaboyin taliya. Yau kuma a makarantun fim na can ake karantar da aikinsa. Bakin da ya zaga shi ya dawo yana yabo, ku kuma shi kuke so ya zama ma'auninku?

Ku ji tsoron Allah ku daina raina labarin layinku. Mai adaidaitan da ke fafutukar haɗa balas kafin magariba bai isa a yi fim a kansa ba?

Tun kafin a fara ɗaukar fim ɗin ɓarayin keke, furodusan Amurka David O. Selznick ya yi wa De Sica tayin kuɗi, da sharaɗin jarumin Hollywood Cary Grant ya ja fim ɗin. De Sica ya ce a kai kasuwa. Ya nemo kuɗinsa a gida, ya ɗauko leburan masana'anta, Lamberto Maggiorani, ya ɗora shi a kan tsanin.