Yaron da ya yi ihu ya samu waya, gobe ma zai yi ihu

Duk gidan da akwai yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar an san wannan rigimar. Ya ce a ba shi waya, uwa ta ce a'a, ya zube ƙasa yana birgima yana tsala ihu, ta daure ta daure har kanta ya fara sarawa, can ta ce "ungo don Allah ka ƙyale ni". Nan take kuka ya tsaya. To a wannan ɗan lokacin mutum biyu ne suka ɗauki darasi, yaron ya gane ihu na biyan buƙata, ita kuma uwar ta gane in ta sakar masa ana samun shiru a gida. Gobe in ta sake cewa a'a ƙara ihun zai yi, ai jiya ya gwada ya ci nasara.

Gerald Patterson, wani masanin halayyar ɗan adam a jihar Oregon ta Amurka, shi da abokan aikinsa har cikin gidajen mutane suka riƙa shiga suna kallon yadda iyaye da 'ya'yansu ke hulɗa, kuma wannan ja-in-jan ne suka gano yana raino taurin kai a hankali, kowane ɓangare yana koya wa ɗayan ƙara zafi. Wannan ya sa nake ganin yawancin yaran da muke cewa "ba ya jin magana" suna ji sarai, kawai dai sun lura maganarmu ba ta tsayawa wuri ɗaya ne, yau an hana gobe an bari, baba ya ce a'a mama ta ce e.

Sai maganar duka, wadda na san nan ne za a ja da ni. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken kusan shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su ga alamar duka na gyara hali ba, abin da suka gani shi ne yaran da ake duka sun fi saurin kai hannu da ƙin bin doka. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ta ce a daina, Suwidin kuwa tun 1979 ta haramta shi har a cikin gida. Masu cewa "mu ma an dake mu ga shi mun zama mutane", ban raina maganarsu ba, amma su tuna iyayen nan da suka dake su sun kuma zauna da su, sun kula da su, sun yi musu addu'a, me ya sa bulala kaɗai za ta kwashe yabon?

Abin da ke aiki ba shi da wahalar fahimta, riƙe shi ne da wuya. Dokoki su zama kaɗan, uwa da uba su tsaya kan magana ɗaya ko da sun saɓa a ɗaki. In za a hukunta a yi nan take kuma ƙarami, a ɗauke abin wasan na ɗan lokaci, ba a ce "bari babanka ya dawo" ba, kafin dare ya manta laifin. Sannan wallahi yabo muke rowa. Yaro zai yi awa guda yana wasa da ƙanensa lafiya ba wanda ya kalle shi, yana marin ƙanen kowa ya taso. Me muka koya masa? Ka ce masa "na ji daɗi da ka kwashe takalmanka" ka ga yadda gobe zai sake. Kuma a shirya, ranar da kuka fara tsayawa kan a'a ihun zai ƙaru kafin ya ragu, yana gwada ku ne, nan ne da yawa ke karaya.

A duba barci ma. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a rana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin. Yaron da ya kai tsakar dare yana kallon katun dole ya tashi da fitina.

Iyaye kansu suna buƙatar a koya musu, ba kunya a ciki. Shirin Triple P da Matthew Sanders ya fara a Jami'ar Queensland ta Ostireliya aikinsa kenan, a zauna da iyaye su gwada yadda ake ba da umarni da yadda ake haɗiye fushi. In kuma an yi watanni ana ƙoƙari abin na ƙaruwa, ko yaro yana ji wa kansa ciwo, ko maganarsa ta yi jinkiri, a kai shi likitan yara a duba kunnensa da lafiyar ƙwaƙwalwarsa tun kafin ya shiga makaranta.