Yadda muka ɗaure rediyo har ya daina magana

Akwai wani tsohon rediyo da ya daɗe a saman kabad ɗinmu, mai rigar fata da hannun ɗauka, an rubuta masa "8 Transistor" a goshi da harufa masu ƙyalli. A zamaninsa wannan rubutu ba ƙaramin tinƙaho ba ne, domin yana nufin akwai taransista takwas a cikinsa, wato 'yan ƙananan na'urorin da ke ƙara wa abin da rediyo ya kamo ƙarfi. Rediyon taransista na farko da aka fara sayarwa, wato Regency TR-1 na shekarar 1954 a Amurka, guda huɗu kacal ke cikinsa, don haka mai takwas yana da dalilin ɗaga kai. Gasar ta yi zafi har wasu masu ƙera rediyo a shekarun 1960 suka riƙa cusa taransistocin da ba sa tsinana komai, don dai lambar goshin ta ƙaru. Wata ranar hutu na sauko da shi, na hure ƙurar, na ce yau sai ya yi magana.

Uwargida ta dube ni, ta dubi rediyon. "Malam, wayarka ma fa tana kama rediyo."

Na ce ai ba ɗaya ba ne. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta kwashe kofunan gilashi daga kan teburin.

Gidan batir na fara buɗewa. Tsofaffin baturan da aka manta a ciki sun yi amai, farin gari da kore-kore sun lulluɓe ƙarafan. Na kankare da sanfefa har suka yi haske, na zuba sababbi, na murɗa makunni. Ya yi ƙarrr, ya yi ƙas, ya ja dogon shuuu, sai ga muryar mutum can nesa tana karanta labarai. Na ɗaga murya yadda za a ji ni har kicin na ce ai dama na faɗa.

Murnar ba ta yi nisa ba, domin allurar maƙaryaciya ce. Matsakaicin zango yana tashi ne daga wajen kilohaz 530 zuwa 1600, a gilashin kuma an taƙaita shi da 53, 60, 70, 80, 100, 130, 160. Tashar da na san gidanta kusa da 100 sai na tsince ta a 130. Na wuce ta, na dawo, ta yi ƙaura zuwa 80. Wani lokaci in yi ta murɗawa allura na tsaye ƙiƙam, can kuma ta yi tsalle ta tsallake tasha biyu. Ga wani zzzz mai shiga haƙori da ya shimfiɗe tun daga farkon zangon har ƙarshensa. In na ƙara murya kuwa, sai rediyon ya kama fut-fut-fut shi kaɗai.

Mai hankali a nan zai mayar da shi saman kabad. Ni sukudireba na ɗauko.

Cikinsa ya fi wajensa kyau, in ban da gawar kyankyaso ɗaya da ta bushe a kusurwa. A sama akwai baƙar sanda ta ferait da aka nannaɗe da siririyar waya aka manne da kaki, ita ce eriyar matsakaicin zango. Ga wani ɗan akwatin roba mai haske, cikinsa ganyayyakin ƙarfe na shiga tsakanin juna in an murɗa. Shi ne kafasitan da ke neman tasha. A kan sandarsa akwai faifai, a jikin faifan kuma zare. Nan na gane sirrin. Abin murɗawa ba ya taɓa kafasitan ko kaɗan. Zare ne ya zagaye sandar abin murɗawar sau biyu ko uku, ya bi ta kan wasu 'yan ƙananan tayoyi, ya ja allura, ya zagayo ya juya faifan. Ashe allurar ba ta san komai game da tasha ba, 'yar rakiya ce. Zaren ya tsufa ya yi sulɓi yana zamewa, ita ma ta saki inda aka maƙale ta, kowa na tafiyarsa.

Na sa yatsa na ɗan taɓa shi don in ji ƙarfinsa. Taɓawa kawai. Ya ce tsit, ya rabu biyu, wani ɗan sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta koma, da ke riƙe da shi a cikin faifan ya yi fit ya ɓace.

Duk gidan aka shiga neman sifirin. An ɗaga kujeru, an kakkaɓe shimfiɗa, yara sun rarrafa da tocila, an samo biro biyu da ɗan kunnen da ya ɓata tun bara. Sai da kowa ya gaji, ƙaramar 'yata ta leƙa cikin rediyon ta ce, "Baba, wannan ne?" Yana nan maƙale a jikin maganaɗisun sifika, ko taku ɗaya bai yi daga gida ba.

Saura zare. Na ɗinki ya tsinke tun kafin in gama ƙulli. Na kamun kifi ya zagaya lafiya, amma santsinsa ya fi na tsohon, sandar na juyawa shi yana kallonta. Abin da ake buƙata siririn zare ne saƙaƙƙe wanda ba ya miƙewa, na kuwa same shi a akwatin ɗinkin uwargida, bayan alkawarin da har yau ban cika ba na sayo mata wani. Matsalar ita ce tsohon zaren ya zube kafin in haddace hanyarsa, kuma aikin na mai hannu uku ne: ɗaya ya riƙe faifai, ɗaya ya ja sifirin, ɗaya ya hana zaren sauka daga tayoyi. Kana ɗora shi a nan yana zamewa a can. Ina cikin wannan kokawa, gumi na ɗiga a kan gilashin, ƙanena ya yi sallama.

Ƙanena irin mutanen nan ne da ba su taɓa ganin abin da ba su iya ba. Ya riƙe mini faifai, zare ya hau, allura ta fara tafiya salin-alin. Da nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma ya sunkuya ya ƙura wa cikin rediyon ido, ya girgiza kai irin na likitan da ya gano cuta.

"Yaya, ai ga matsalar nan a fili. Dubi sukurorin nan, duk sun saki."

Wasu 'yan gwangwanaye huɗu yake nunawa, kowanne da kan sukuru a tsakiyarsa: ja, rawaya, fari, baƙi. Ya sa sukudireba a na rawaya, ya juya ba wuya. "Ka gani? Shekara da shekaru ba wanda ya ɗaure su." Maganar ta shiga hankali. Na haska masa tocila. Ya ɗaure rawaya tam, ya ɗaure fari, ya ɗaure ja. Da ya zo kan baƙin ya ƙara ƙarfi don aiki ya yi kyau, sai muka ji ɗan ƙas.

Muka kunna. Babu labarai, babu kiɗa, babu ko gaisuwa. Zzzz ɗin ma ya koma can ƙasa-ƙasa. Ƙanena ya ce aƙalla hayaniyar ta ragu, ya tuna yana da wani uzuri.

Ban bar shi ya tafi ba. Na aika aka roƙo mana wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran rediyo da talabijin kafin ido ya ce ya isa. Ya zo da wani tsohon kwali a hammata, ya gyara zaman tabarau, ya leƙa ciki. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗago.

"Wa ya taɓa waɗannan?"

Na dubi ƙanena. Ƙanena ya dubi silin.

"Baba, sun saki ne," in ji shi da ƙaramar murya.

Baba ya yi salati. Ya ce, "Ɗana, waɗannan ba sa riƙe komai, balle su saki. Inda ka same su, nan ne gidansu." Ya juyo gare ni ya yi bayani dalla-dalla, da muryar wanda ya sha yin wannan ta'aziyya. Ya ce irin wannan rediyo ba ya sarrafa tasha a kan lambarta. Yana da nasa ɗan injin kaɗawa a ciki, wanda jan gwangwanin ke saitawa, kullum yana gudu da kilohaz 455 sama da tashar da ake nema. In tasha na kan 1000, shi yana kan 1455. A gauraya su biyun, bambancin ya fito 455, kowace tasha ce kuwa. Sauran ukun, rawaya da fari da baƙi, ƙofofi ne a jere, kowacce an tsaga ta daidai faɗin 455. Abin da ke tsakiyarsu ɗan ferait ne mai shiga da fita cikin naɗin waya, rabin juyi ya isa ya gusar da ƙofa. "Ku kuma kun rufe biyu, kun ɓalle ta ƙarshe." Ya ce dabarar ta girmi taransista ma, tun 1918 wani injiniyan Amurka mai suna Edwin Armstrong ya fito da ita, kuma tun daga lokacin masu sukudireba ke ɓata ta.

Ferait ba ƙarfen sukuru ba ne, gautsi gare shi, shi ya sa baƙin ya tsage. Baba ya tona kwalinsa ya ciro gawar wani rediyo, ya zare baƙin gwangwaninta da dalma, ya dasa a namu. Tunda ƙarfen dalma ya riga ya yi zafi, ya cire wasu ƙananan kafasitoci masu kama da gwangwani su ma, ya ce ruwan cikinsu ya bushe da tsufa, su ke jawo fut-fut ɗin nan, su da batir mai rauni. Ya fesa maganin wanke mahaɗa a abin ƙara murya da makunnin sauya zango, ya murɗa su gaba da baya har ƙarrr ɗin ya mutu. Na ce a fesa wa akwatin robar nan ma. Ya janye gwangwanin feshin daga kusa da ni, ya ce in ruwa ya shiga tsakanin ganyayyakin nan tashoshi za su sake ƙaura, sai ya bushe, in ya ga dama.

Sannan aka shiga aikin haƙuri. Ya fito da wani ɗan tsinken roba mai faffaɗan baki, domin ƙarfe ko kusantar naɗin ya yi yana sauya saitin, ka daidaita ka ɗaga hannu komai ya koma. Ya mayar da kowanne kusa da inda yake tsammanin ya fito, ya yi ta lalube har wata murya ta ɓullo siririya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, baƙi, fari, rawaya, yana juyawa kaɗan-kaɗan, kunne a jikin sifika. Ya ce da tasha mai rauni ake wannan aiki, mai ƙarfi ruɗin kunne take yi. Da ƙofofin suka buɗe ya koma kan allura: a ƙasan zango, wajen 600, jan gwangwani ne ke kawo tasha kan lambarta, a sama, wajen 1400, wani ɗan sukuru ne a bayan kafasitan. Ka gyara ƙasa sama ta goce, ka gyara sama ƙasa ta ɗan motsa, haka ya yi ta safa da marwa har suka yarda da juna. Ni aikina riƙe tocila. Ƙanena an ba shi aikin zama a kan hannayensa.

Tashoshi suka dawo, kowacce a gidanta. Amma zzzz ɗin ma ya dawo, har ya fi da ƙarfi, tunda yanzu rediyon na ji da kyau. Baba ya taɓa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ɗaure fuska. Ya fara zargin wani taransista, yana laluben kwali, sai uwargida ta shigo ta ce a yi haƙuri, cajarta take so. Ta zare ta daga bangon da ke bayan teburin.

Ɗif. Muryar mai labarai ta fito tas, har ana jin numfashinsa.

Muka yi shiru mu uku. Ta tsaya da caja a hannu ta ce, "Lafiya?" Baba ya ce ta mayar. Zzzz. Ta zare. Tas. Ya yi dariya har tabarau ya zamo, ya ce lokacin da aka ƙera wannan rediyo babu irin waɗannan abokan zama. Cajar waya da fitilun zamani masu tsimin wuta suna yanka lantarki ne sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wannan yankan kuma yana watsa hayaniya a matsakaicin zango, sandar ferait ta kwashe. Magani shi ne a nisanta rediyon da su, ko a juya shi, domin sandar tana da gefen da take ji da gefen da take kurumcewa. Uwargida ta ce ita dai caja ta zo ɗauka, amma in akwai kuɗin gyara ba za ta ƙi ba.

Da rana ta faɗi, tashoshin nesa suka fara shigowa da harsunan da ban san ko na ina ba ne. Baba ya ce da rana akwai wani rufi a sararin sama da ke shanye irin wannan zango, da dare ya washe, sai sautin ya haura ya dawo ƙasa a wata duniyar. Yana faɗa yana murɗawa, sai ya dakata. Ya murɗa dama, allura ta yi hagu. Ya murɗa hagu, ta yi dama. Ya ce tun ɗazu yake lura, ya bari ne a gama da manyan laifuka.

"Wa ya ɗora zaren nan?"

Ƙanena ya gyara zama, fuskarsa ta washe a karon farko tun azahar.

Baba ya ce an zagaya sandar ne ta baibai. Lambobin daidai suke, hannu ne kawai zai koyi tafiya a juye. In ana son gyara, sai an sauke zaren gaba ɗaya, an cire sifirin, an sake ɗorawa. Na ce a gaskiya ni haka ma ya fi mini daɗin murɗawa.

"Yaya, ai aikin minti biyar ne," in ji ƙanena, yana miƙa hannu wajen teburin. Sukudirebar ba ta nan. Uwargida ta riga ta fita da ita tare da cajar.