Reshen ƙungiyar ƙwadago da mutanen da ke riƙe da shi

Idan aka ambaci ƙungiyar ƙwadago, hoton da ke zuwa a ran mutane shi ne na shugaban uwar ƙungiya a gaban 'yan jarida yana ɗibar wa gwamnati wa'adi. Sai dai ma'aikacin da aka zaftare wa albashi, ko aka miƙa masa takardar tuhuma, reshen da ke ma'aikatarsa yake dosa, kuma abin da ya tarar a can shi ne ƙungiyar a wurinsa. Saboda haka nake ganin tsarin reshe ya cancanci kulawa fiye da wadda ake ba shi.

A rubuce, tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Babban taron mambobi ne ke da iko na ƙarshe, shi ne ke zaɓen shugaba da mataimakinsa, da sakatare, da ma'aji, da masu binciken kuɗi, waɗanda ke tafiyar da al'amura tsakanin taro da taro bisa kundin tsarin mulkin ƙungiyar. Wannan 'yanci ba alfarma ba ne daga mai kamfani ko gwamnati. Yarjejeniya mai lamba 87 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta zartar a 1948 ta ba ma'aikata damar rubuta dokokinsu da zaɓen wakilansu ba tare da katsalandan ɗin hukuma ba.

Akwai kuma muƙamin da ba a cika rububinsa ba, shi ne na wakilin sashe. Wannan mutum ma'aikaci ne kamar kowa, yana sa hannu a rajista da safe tare da abokan aikinsa, kuma shi ne farkon wanda ke jin cewa an hana wata hutun haihuwa, ko injin da ake aiki da shi ya fara zama haɗari. Shi ke raka wanda aka tuhuma zuwa gaban kwamitin ladabtarwa, shi ke sanin wane sashe na yarjejeniyar aiki aka karya, kuma idan yajin aiki ya zama dole, bakinsa ne ke sa mutane su ajiye kayan aiki, domin sun san shi tun kafin rana ta ɓaci. Shi ne kuma ya fi kowa fuskantar barazana, tunda wanda yake ƙalubalanta yau shi ne zai rubuta rahoton ƙarin girmansa gobe. Dalilin da ya sa ke nan ILO ta fitar da yarjejeniya mai lamba 135 a 1971, wadda ta nemi a kare wakilan ma'aikata daga kora ko tsangwama saboda aikin wakilci. Reshen da ya bar wannan kujera babu kowa, ko ya ɗora wanda bai taɓa karanta yarjejeniyar aiki ba, ya zama kyanwar Lami a idon masu kamfani, kuma sukan gane hakan da wuri.

Batun ma'aikatan da ƙungiya ke ɗauka da albashi ya fi wuyar warwarewa. Babban reshe yana buƙatar sakatare mai cikakken lokaci, da akanta, wani lokaci da lauya, domin zaɓaɓɓen da ke aikin sa'o'i takwas ba zai iya zama ya tantance lissafin fansho ko ya shirya takardun kotu ba. Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja, tunda ƙwararren da ba ya cin albashin kamfani ba ya tsoron kora, kuma yakan faɗi abin da zaɓaɓɓu ke shakkar faɗa. Matsalar ita ce zaɓaɓɓu suna zuwa suna tafiya, shi kuwa yana nan da fayil da makullin ofis, har a wayi gari wanda aka ɗauka aiki ya koma shi ke juya waɗanda suka ɗauke shi. A ganina magani shi ne a rubuta iyakar ikonsa ƙarara, ya ba da shawara a taro amma ba shi da ƙuri'a, kuma kada kuɗi ya fita da sa hannunsa shi kaɗai.

Kuɗin ma da nasa tarkon. Cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi ya sauƙaƙa tarawa, amma ya yanke wata igiya, domin a da sai wakili ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, a nan kuwa yake shan tambaya da ƙorafi. Yanzu kuɗi na shigowa ko an yi aiki ko ba a yi ba, kuma ta hannun mai kamfani yake bi, wanda zai iya jinkirta shi ranar da aka sami saɓani. Yarjejeniya mai lamba 98 ta 1949 ta ɗauki tallafa wa ƙungiya da kuɗi don a mallake ta a matsayin katsalandan, kuma ya kamata shugabannin reshe su tuna da wannan kafin su karɓi mota ko alawus daga hukumar gudanarwar kamfani.

Zaɓe a kan lokaci ne ke riƙe duk waɗannan. A Amurka, wata doka ta 1959 ta tilasta wa kowane reshe zaɓen shugabanninsa ta ƙuri'ar sirri aƙalla sau ɗaya a shekara 3. Ba sai an jira majalisa ba kafin a kwaikwayi wannan, mambobi na iya sa shi a kundinsu da kansu, su ƙara da sharaɗin cewa mai binciken kuɗi ba zai fito daga cikin kwamitin da yake bincika ba, kuma za a karanta rahotonsa a gaban babban taro kafin a buɗe karɓar sunayen 'yan takara.